Bishara a lokacin da kowa ke cikin tsoro: a dakata ne ko a ci gaba?

Yakubu_Almajiri:
Gaisuwa gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Tambayata ga dattawa ce da masu aikin bishara na wannan zaure. Idan lokaci ya yi zafi, annoba ce ko tashin hankali ko matsin da ya sa ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar, har masu bi suka fara jin tsoron taruwa, yaya za a yi da aikin bishara? Wasu na cewa a dakata sai ƙura ta lafa, tunda mai rai shi ke wa'azi. Wasu na cewa dakatawa rashin bangaskiya ne. Ina so in ji yadda ake yin aikin a aikace.

Dattijo_Ayuba:
Ɗana Yakubu, ka raba abu biyu tukuna: saƙon da kuma hanyar kai shi. Hanya tana sauyawa, saƙo ba ya tsayawa. Duba Ayyukan Manzanni sura 8. Bayan an jajjefe Istifanas, masu bi sun watse cikin Yahudiya da Samariya, manzanni kaɗai suka rage a Urushalima. Babban taro ya mutu ke nan. Amma aya ta 4 ta ce waɗanda suka watsen sun yi ta shelar Maganar duk inda suka shiga. Ba fastoci ba ne, 'yan gudun hijira ne. A sura 11 za ka same su sun kai Finikiya da Kubrus da Antakiya, kuma a Antakiya ne waɗansu mutanen Kubrus da Kurane suka fara yi wa Helenawa magana. Barnaba da Shawulu sun zauna shekara guda cur suna koyar da su, a nan aka fara kiran almajirai Kirista. Don haka in babban taro ya gagara, a sauke aikin zuwa gidaje da bakin mutum ɗaya ɗaya.

Haruna_77:
Ni dai a ganina tsoro kansa zunubi ne. An rubuta "kada ka ji tsoro" sau 365 a Littafi Mai Tsarki, ɗaya don kowace rana. Zabura 91 ta ce annoba ba za ta kusaci alfarwarka ba. Wanda ya gaskata ya fita kawai.

Malam_Istifanus:
Ɗan'uwa Haruna, himmarka tana da kyau, amma lissafin 365 ɗin nan magana ce da ke yawo a waya, duk wanda ya zauna ya ƙirga ba ya samun haka. Umarnin yana nan da yawa, ba ya bukatar a ƙara masa gishiri. Zabura 91 kuwa, ka tuna ita ce Iblis ya ɗauko a Matiyu 4:6 yana so Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali, Yesu ya amsa da cewa kada a gwada Ubangiji. Sannan Bulus da bakinsa ya gaya wa Korintiyawa cewa ya zo musu da rauni da tsoro da rawar jiki, 1 Korintiyawa 2:3. A Koranti ɗin ne Ubangiji ya yi masa magana da dare ya ce kada ya ji tsoro, kada ya yi shiru, ya kuwa zauna shekara ɗaya da wata shida. Ba a ce wa wanda ba ya jin tsoro kada ya ji tsoro. Idan ka koya wa mutane cewa jin tsoro zunubi ne, sai su ɓoye shi, su daina faɗa wa makiyayinsu, daga nan su daina zuwa gaba ɗaya saboda kunya.

Mama_Rahila:
Amin, Malam. Bari in yi magana a kan ziyara, don a nan ne aka fi ɓata aiki. Mutum biyu za su tafi, kamar yadda Yesu ya aika da su a Luka 10, kuma in mace za a ziyarta to lallai da mace a cikin biyun. A nemi izini kafin a je, a faɗi lokacin. Ziyarar farko kada ta wuce minti talatin zuwa arba'in, kuma kashi biyu cikin uku na lokacin sauraro ne. Tambaya ɗaya ta isa ta buɗe baki: me ya fi hana ki barci a kwanakin nan? Daga nan a yi shiru. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma a lokacin ne suka fi yi masa amfani. Da suka fara bayanin dalilin wahalarsa sai suka ɓata.

Kada a ce wa wadda ta rasa ɗa "da kin yi addu'a sosai", kada a ce "kada ki yi kuka". A karanta wuri ɗaya gajere, kamar Markus 4:35-41 inda hadiri ya taso Yesu yana cikin jirgin, ko Zabura 13. A tambaya ko za a iya yin addu'a, in an ƙi a yi godiya a tashi lafiya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a faɗi ranar dawowa, a kuma dawo a ranar. Mai tsoro ya riga ya gaji da alkawuran da ba a cikawa.

Talatu_Murna:
Mama, wannan maganar ta dawowa a ranar da aka faɗa, a rubuta ta da babban baƙi.

Fasto_Iliya:
Zan koma kan ainihin tambayar Yakubu, a tsaya a wurin ko a kauce. Nassi yana da duka biyun, kuma mutum ɗaya ne ya yi duka. Bulus ya fita Dimashƙu cikin kwando ta kan garu da dare. A Tasalonika 'yan'uwa sun fitar da shi da dare zuwa Biriya. A Afisa ya so shiga dandalin da ake hargitsi, almajirai suka hana shi, ya kuwa ji maganarsu. Amma a Ayyukan Manzanni 21, da aka roƙe shi da hawaye kada ya hau Urushalima, ya ƙi. Yesu kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani, Matiyu 10:23, shi ne kuma ya ce ɗan ƙodago ne ke barin tumaki ya gudu.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne tambaya uku. Wa zai shiga hatsari idan na tsaya? Wa zai rasa mai kula da shi idan na tafi? Kuma su wa na yi shawara da su? Wanda aka sa wa ido shi kaɗai, kasancewarsa kuma tana jawo wa sauran wuta, ya kauce, ya bar aiki a hannun wasu. Wanda tafiyarsa za ta bar marasa lafiya da tsofaffi ba mai duba su, ya tsaya. Kuma kada mutum ya yanke wannan hukunci shi kaɗai a daren da jita-jita ta yi yawa.

Malam_Istifanus:
Tarihi ya goyi bayan Fasto. A shekara ta 250, da sarki Desiyus na Roma ya umarci kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, Sifriyan bishof na Kartaj ya ɓuya yana kula da ikilisiya ta wasiƙu. An zarge shi da tsoro. A 258 ya tsaya aka fille masa kai. Polikap na Simirna ma ya fara janyewa zuwa wata gona kafin a kama shi, kuma labarin shahadarsa ya ambaci wani Kwintus da ya miƙa kansa da gangan, da ya ga namun daji sai ya yi musun bangaskiya. Ikilisiyar farko ba ta yaba wa mai neman shahada da kansa ba.

Kan annoba kuwa, a 1527 ta shiga Witenbag a Jamus. An kwashe jami'a zuwa Yena, an umarci Matin Luta ya bi su, ya ƙi, ya zauna yana hidima. Amma a wasiƙar da ya rubuta a shekarar ya ce zai tsabtace gida da hayaƙi, ya sha magani, ya guji wuraren da ba a bukatarsa don kada ya kwaso cuta ya kai wa wani, in kuwa maƙwabci na bukatarsa zai je ba ja da baya. Ya kuma ce wanda ba shi da nauyin kowa a wuyansa yana iya tafiya ba laifi.

Haruna_77:
Na ji gyara kan lissafin, na gode Malam. Amma har yanzu ina tsoron kada "hikima" ta zama mayafin ragwanci. Ai an ce jinin shahidai iri ne. Tsanani ƙara ikilisiya yake yi.

Rifkatu_Tarihi:
Ɗan'uwa Haruna, maganar jinin shahidai iri ne ta Tatuliyan ce, wani malamin ikilisiya na Kartaj, tun wajen shekara ta 197, kuma akwai inda ta tabbata. A Madagaska sarauniya Ranabalona ta hana Kiristanci a 1835, masu mishan suka fice a 1836, aka kashe Rasalama a 1837, amma da sarauniyar ta mutu a 1861 masu bi sun ninka yadda aka bar su. Sai dai a lura da abin da aka bar musu: an gama buga Littafi Mai Tsarki cikin harshensu a 1835, kuma akwai waɗanda suka iya karatu. Ka kwatanta da Japan. An hana addinin a 1614, aka bi shi da ƙarfi har ya ɓace daga fili. Waɗanda suka rage sun riƙe baftisma da kalandar ikilisiya da addu'o'i a ɓoye ta hannun shugabanni daga cikinsu, har suka bayyana kansu a Nagasaki a 1865, amma tsiraru ne. Kartaj ɗin da Tatuliyan da Sifriyan suka yi hidima, ikilisiyarta ta ƙare daga baya. Saboda haka tsanani ba ya haifar da girma da kansa. Abin da ake shukawa kafin ya zo shi ke yanke hukunci: Nassi a harshen mutane, da shugabanni na cikin gida da aka horar.

Dattijo_Ayuba:
Wannan ya kawo mu ga shiri. Ikilisiyar da fasto ɗaya ne ke wa'azi, shi ke ziyara, shi ke riƙe da sunayen kowa, ranar da aka rasa shi ta watse. A raba jama'a ƙungiya ƙungiya, mutum shida zuwa goma sha biyu, waɗanda za su iya isa wa juna da ƙafa. In sun wuce goma sha biyu masu kunya sukan yi shiru, shige da fice kuma ya fara jan ido. Kowace ƙungiya da shugaba da mataimaki, kuma mataimakin ya riƙa jagorancin zama ɗaya cikin uku tun ana zaman lafiya, wannan shi ne 2 Timoti 2:2 a aikace. Zama ya zama sa'a ɗaya. A fara da tambayar yadda mako ya wuce da wanda bai zo ba. A karanta wuri ɗaya sau biyu, wani ya maimaita shi da bakinsa ba tare da duba littafi ba, don wanda bai iya karatu ba ya tafi da shi a ka. Sai tambayoyi: me wannan ya nuna game da Allah, me ya nuna game da mutum, me zan yi a makon nan, wa zan gaya wa. A rufe da addu'a.

Inda ake faɗuwa shi ne shugaba ya mai da zaman ƙaramin mumbari ya yi ta magana shi kaɗai, ko ƙungiyoyin su yanke daga dattawa har koyarwar banza ta shigo. Shugabannin ƙungiyoyi su gana da fasto ko dattijo aƙalla sau ɗaya a wata, kowa kuma ya bi littafi ɗaya. Markus ya fi sauƙin farawa, sura 16 ne kawai.

Saratu_Z:
Baba Dattijo, a ƙara da batun waya, don yanzu rabin tsoron daga nan yake shigowa. Kowane zauren WhatsApp na ikilisiya ya kasance da doka: ba a tura labarin hari ko cuta sai an san wanda ya gani da idonsa, da wuri, da rana. Mutum biyu ne kawai ke da ikon fitar da sanarwa. Ba a tura hoton gawa. Tsohon bidiyo daga wata ƙasa yakan dawo da sabon suna ya tada hankalin gari, mai bi da ya tura shi kuwa ya yi shaidar zur ko da da kyakkyawar niyya. Na biyu, ba a ɗora hoton sabon tuba ko na baftismarsa a Facebook, ba a rubuta cikakken sunansa a roƙon addu'a. Shaidarsa tasa ce, shi zai zaɓi ranar faɗinta da wanda zai gaya wa.

Ɗanladi_B:
Tambaya a gefe. Ba wannan ne lokacin da ya fi dacewa a yi wa'azin ƙarshen duniya ba? Mutane sun riga sun tsorata, kunnuwansu a buɗe suke.

Fasto_Iliya:
Ɗan'uwa Ɗanladi, dawowar Almasihu tana cikin bishara, a faɗe ta. Amma a matsayin bege ake faɗinta, Bulus ya ce a ta'azantar da juna da ita, 1 Tasalonikawa 4:18. Abu biyu ne ke lalacewa in aka mai da tsoro ƙugiya. Na farko, wanda tsoro ya kawo, tsoron na lafawa sai ya koma, shi ne irin da ya faɗa kan dutse a Markus 4, ya tsiro da sauri ba saiwa. Na biyu, mai wa'azin yakan zarce ya sa rana. Mabiyan Wiliyam Mila a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, rana ta fito ta faɗi. Wani mai wa'azi a Amurka, Harol Kampin, ya sa 21 ga Mayu 2011, wasu suka kashe abin da suka tara wajen tallata ranar. Kowane karo sunan Yesu ne ya sha ba'a. Matiyu 24:36 ta rufe wannan ƙofa. Abin da za a faɗa wa mai tsoro shi ne wanene Yesu, ya mutu saboda zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, kuma mutuwar da kake tsoro ya riga ya shiga cikinta ya fito. Kada kuma a yi masa alkawarin da Yesu bai yi ba, cewa in ya tuba ba abin da zai same shi. Yahaya 16:33 ta ce a duniya akwai wahala.

Ladi_Jinya:
Ina so masu ziyara su san iyakarsu. Bayan firgici, rashin barci da mugun mafarki da zabura in an ji ƙara da rashin son abinci abu ne da jiki ke yi, ba alamar aljani ko ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma ga yawancin mutane yakan ragu cikin 'yan makonni. Kada a tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da ya gani a gaban jama'a da sunan shaida, yana iya tayar masa da ciwon sabo. Kada a ɗora masa azumi yana cikin wannan hali. Da Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, 1 Sarakuna 19, barci da ci da sha aka fara ba shi har sau biyu kafin magana. Idan alamun sun wuce wata ɗaya ba sauƙi, ko mutum ya kasa kula da kansa ko 'ya'yansa, a raka shi asibiti. Idan ya ambaci kashe kansa, ba a jira wata ɗaya, ba a barinsa shi kaɗai, a ranar za a kai shi. Addu'a na tafiya tare da wannan, ba a madadinsa ba.

Mama_Rahila:
Haka ne 'yata. Sannan taimakon kaya. A ba kowa da ke cikin bukata, mai bi da wanda ba mai bi ba, kuma kada a haɗa rabon da kiran tuba a zama ɗaya. Mai yunwa zai ɗaga hannu ga duk abin da aka ce, ka rubuta shi a lissafi, shi kuwa a ransa ya san saye aka yi. Maƙwabta ma sun gani, kuma ba za su manta ba. Kuɗin taimako mutum biyu ko uku su riƙe, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a. Bulus ma bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, 2 Korintiyawa 8.

Rifkatu_Tarihi:
Mama, abin da ya girgiza daular Roma ke nan. A annobar da ta auku wajen 250 zuwa 260, Diyonisiyus bishof na Iskandariya ya rubuta yadda masu bi suka yi jinyar marasa lafiya suka binne matattu, da yawa cikinsu suka kamu suka mutu, a lokacin da wasu ke yasar da nasu a kan hanya. A 362 sarki Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci yana son farfaɗo da bautar alloli, ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana ƙorafin cewa Kirista na ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba.

Haruna_77:
To amma in duk jinya da sauraro ne, yaushe za a buɗe baki? Kada mu wayi gari mun zama ƙungiyar agaji kawai.

Malam_Istifanus:
Tambayarka daidai ce, kuma hatsarin na gaske ne. 1 Bitrus 3:15, wadda aka rubuta wa mutanen da ke shan wuya, ta ce a zauna a shirye don amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi. Shiri yana nufin kowane mai bi ya iya faɗin bishara cikin minti uku da kalmomin yau da kullum, ya gwada a gaban ɗan'uwa har ta zauna a bakinsa. Tun ziyarar farko a faɗi ko su waye, kada a ɓoye sunan Yesu a fito da shi daga baya kamar tarko. In ba a tambaya ba, a nemi izini: ko zan gaya maka abin da ke riƙe da ni a irin wannan lokaci? In ya ce a'a, zumunci bai yanke ba. Ba a zagin abin da mutum yake girmamawa, ba a jan ƙaramin yaro a bayan iyayensa. Bitrus ɗin ya bambanta shan wuya saboda Almasihu da shan wuya saboda shisshigi, sura 4 aya 15. Kuma ka duba addu'ar Ayyukan Manzanni 4:29, bayan an yi musu kashedi: ƙarfin halin yin magana suka roƙa.

Yakubu_Almajiri:
Na gode iyayena da 'yan'uwa. Saura guda. Wanda ya ba da gaskiya a irin wannan lokaci, kuma baftisma a fili za ta iya jawo masa kora daga gida, a yi masa nan da nan ko a jira?

Fasto_Iliya:
A nan ɗarikoki sun bambanta, kowa ya bi tsarin ikilisiyarsa. Mai tsaron kurkukun Filibi a daren da ya ba da gaskiya aka yi masa, ikilisiyoyin ƙarni na uku kuwa sukan koyar da mutum har shekara uku. Abin da bai kamata a tsallake ba shi ne a zauna da shi a lissafta abin da zai iya biyo baya, kamar yadda Luka 14:28 ta ce, kuma ikilisiya ta amsa tambaya tun kafin ranar: in an kore shi, a gidan wa zai kwana, wa zai taimaka masa da sana'a? Baftisma a gaban shaidu uku ko huɗu cikakkiya ce, ba sai an tara jama'a ba.

Dattijo_Ayuba:
Ni zan fi karkata ga a ɗan jira, Fasto, ko wata uku ne, ya gama Markus tare da ƙungiyarsa, a kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa da yi musu hidima fiye da da. Sau da yawa gaggawar ta masu bishara ce, ba tasa ba.

Talatu_Murna:
Baba, in shi da kansa ne ya nace fa, ya ce bai san ko zai kai wata ukun ba?